Inda Gajere Ya Ajiye Adda

A ƙarshen zamanin Turawa, duk wanda yanar ido ta rufe wa gani a ƙasar Goronyo, magana ɗaya ake faɗa wa danginsa: ku nemi Gajere na Rimawa. Shi ne mai kai makafi asibitin ido na Kano. Ba malamin asibiti ba ne, manomin albasa ne a fadamar gulbin Rima, sai an kwashe albasa yake samun sukunin tafiya. Yana da wata ɗabi'a da ta sa ake masa dariya tun daga Lahodu har Wurno. Da an ɗauki hanya sai ya warware bakin rawaninsa, ya ɗaura a wuyan hannun makahon, ba ya kwancewa sai a ƙofar likita.

"Gajere, akuya kaka ja ko mutum?" in ji masu zaman tasha.

"Ku dai bar ni da ɗaurina," yake cewa, ba ya ko murmushi.

Asalin wannan ɗauri yana can baya, a tafiyarsa ta farko, kuma wadda ya ja a tafiyar nan uwarsa ce.

Sunansa na yanka Abdulƙadiri. Shi ne ɗan farin Sabuwa, Bafulatanar Kagara da aure ya kawo Rimawa. Ana yaye shi kakarsa Mairama ta goya shi ta tafi da shi, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari. A gidan kakar ya ji ƙannen uwarsa suna ce wa Sabuwa Adda, wato yaya a bakin Fulani, shi ma ya ɗauka, bakinsa bai taɓa sanin wani suna ba. Ita kuwa Sabuwa ba ta da abin da take ce masa. Ba ta kama sunansa, ba ta faɗin laƙabinsa, ba ta duban fuskarsa. In ya shigo ta ƙofa sai ta tuna da wani aiki a bayan ɗaki. In magana ta zama dole sai ta ce "ɗan tsohuwa", da ya girma ya kama garkar albasa ta koma cewa "mai albasa". Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kuma Sabuwa ta riƙe ta da ƙarfin da har Fulanin ruga suke yabawa. Shi ma ya sani. Sau da yawa yakan tarar da ƙwaryar fura a bakin garka, an dama ta da nono mai kauri, ba wanda ya ce ga mai aikowa.

Ƙanensa Mode shi ne ɗan hira. Shi ke zama kan tabarmarta, ya ci daga akushinta, ya tsokane ta har ta jefe shi da ludayi. Sai aka zo ɗibar soja, Mode ya tafi yaƙin Bama, can ƙetaren teku. A shekarun da ba ya nan idon Sabuwa ya fara hazo. Da farko ta daina gane shanunta daga nesa, daga baya ta daina ganin bakin rijiya. An yi tofi, an ɗiga ruwan ganye, yanar sai ƙara fari take yi. Ana nan wani mutumin Wurno ya dawo daga Kano yana zura zare a allura, alhali da sanda aka tafi da shi. Labari ya iso Rimawa, ƙanen Sabuwa, Kawu Yari, ya sa aka kira Gajere.

"Mode ba shi nan. Kai za ka kai ta."

"Ni, Kawu? Mi za mu ce ma juna bisa hanya?"

"Wa yac ce ku yi magana? Sanda za ka riƙa. In kun sauka ka nemi Maigandi, mutumin Raba na, shi ka saukar da mutanenmu a Fagge."

Haka aka yi. A kan jaki suka bi ta Wurno zuwa Sakkwato, suka shiga babbar mota zuwa Gusau, a can suka hau jirgin ƙasa. Inda duk ake tafiya da ƙafa, shi ya riƙe kan sanda, ita ta riƙe gindi, tsawon sandar nan shi ne iyakar kusancinsu. In tana son wani abu sai ta laluba ta taɓa macen da ke kusa.

"Baiwar Allah, ki ce ma mai sanda ruwan buta ya ƙare."

"Wane mai sanda, Inna? Wanda gwiwarsa ke gogar taki?"

Sai mata su kwashe da dariya, wata dattijuwa ta ce, "Ku ƙyale ta, ɗan fari ne." Shi kuwa Gajere ya ɗauki buta yana jin kunnuwansa na zafi. Ya lura ba ta cin abinci in yana wurin, ya riƙa juya mata baya yana duban taga har ta gama tauna. Shi ma bai ci ya ƙoshi ba. Bai miƙe ƙafa ba, bai yi tari da ƙarfi ba, ya zauna kamar wanda aka sa wa rigar aro. A Zariya, inda aka sauya jirgi, turereniya ta raba ta da sanda, ta cafke bayan rigarsa. Suna fita fili ta saki da sauri kamar ta taɓa garwashi.

Da hantsi suka sauka Kano. Gajere ya taɓa zuwa Sakkwato, yana ganin ya san birni, ashe bai sani ba. 'Yan dako na ihun a ba su hanya, kekuna na ƙararrawa, amalanke ya kusa taka ƙafar Sabuwa, kowa ya san inda za shi sai su. Ya tambayi Fagge, wannan ya nuna gabas, wancan ya ce a'a, ya bi layin dogo tukuna. Ya ga ba zai iya jan tsohuwa cikin wannan ruɗu yana lalube ba. Gara ya ajiye ta, ya gano gidan, ya dawo.

Can gefen layin dogo akwai fili, a cikinsa ga dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai mutum ya ɗaga kai rawani ya kusa faɗuwa. Ya duba kamar yadda ake dubawa a dajin gida, inda mutum zai ce mu haɗu a gindin giginya mai karyayyen kai, ya dawo bayan damina ya same ta a nan. Ya zaɓi wata dala wadda ba ta da tsini, samanta a shafe, leburori na hawa da sauka a jikinta. Wannan kam ba za ta ɓace masa ba. Ya shimfiɗa buzu a inuwarta ta yamma, ya ajiye buta da ƙunshin kaya, ya sa mata sandar a hannu. Sannan ya dubi iska ya ce, "Za a tahi neman masauki. Kada a tashi daga nan."

"An ji," in ji Sabuwa, ita ma ga iska.

Gidan Maigandi bai yi wuyar samu ba, mai shayin farko da ya tambaya ya nuna masa. Maigidan ya fita, amma uwargidan ta yi magana daga bayan zaure da harshen gida.

"Maraba da mutanen Rimawa. Ɗaki na nan. Ina tsohuwar take?"

"Tana tasha."

"Tasha? Ita ɗai? Maza ka taho da ita tun rana ba ta yi ba."

Ya fito da niyyar haka. Amma a mararraba ya tsaya. Hanyar tasha tana hagunsa, a gabansa kuwa ga ganuwar birni da ƙofa a buɗe, jakuna da raƙuma na kwarara ciki. Ya ji ƙafarsa sakayau. Tun barinsa Rimawa yanzu ne kaɗai ba wanda yake jin numfashinsa. Ya yi tari mai ƙarfi, don kawai ya ji ya iya. Ya ce a ransa leƙawa kaɗai zai yi, inuwar nan mai faɗi ce, ga ruwa a buta.

Ya bi ayarin jakuna, lungu ya miƙa shi ga lungu, har ya faɗa Kasuwar Kurmi. Ya ga rumfunan turare, ya ga masu bugun tagulla, ya ga shuni da baƙin yadi mai ƙyalli, ya tsaya ya ci waina a tsaye yana lasar yatsa. Daga nan hancinsa ya kai shi layin 'yan albasa. Wani mai suna Lauwali ya gan shi yana matsa albasa da babban yatsa.

"Malam, saye za ka yi ko duba lafiyarta?"

"Wagga albasa taku ruwa ta zalla. Ba ta kai damina."

"Ji Basakkwace! Daga wane ƙauye?"

"Rimawa. Inda albasa ta ainihi taka hitowa."

"Rimawa? Ko jakina bai taɓa jin sunan ba. Zauna, zauna ka koya mana noma."

Ya zauna. Aka yanka albasa aka ɗanɗana, aka yi gardamar iri da ta taki, aka yi ta yadda ake rataya ta a rumbu. 'Yan layin suka taru suna kwaikwayon maganarsa, shi yana rama musu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Lauwali ya zaɓo wata ƙatuwa ja ya cusa masa a aljihu, ya ce ya kai wa mutanen Rimawa su ga yadda albasa take.

Kiran sallar azahar ne ya tashe shi. Ya miƙe zai nemi ruwan alwala, sai ya ga inuwar rumfar ta bar inda take ta koma ɗaya gefen. Ya tsaya yana dubanta. Inuwar yamma ya ba Adda. Tun ɗazu rana ta cinye ta. Ya ce kada a tashi, kuma ya san wadda ya faɗa wa. Ko ƙasa za ta ƙone ta, ba za ta matsa ba, in ma ta so matsawa ba ta ganin inda za ta.

Ya fita da gudu, lungunan da suka kawo shi suka ƙi mayar da shi. Ya faɗa marina, ya koma, ya fito ta wata ƙofar da ba ita ba ce, ya bi ganuwa ta waje har takalminsa ya tsinke ya riƙe shi a hannu. Da ya iso filin gyaɗa rana ta karkata. Ya nemi dala mai shafaffen kai. Babu. Duk wadda ya duba da tsininta, wasu an lulluɓe su da tamfol, kuma ba ɗaya ko biyu ba ne kamar yadda ya gani da safe ta gefe guda, jere suke, kowace kamar 'yar'uwarta. Can ƙarshe ya hango wata marar tsini, ya ruga, ya tarar sabuwa ce da aka fara ɗazu, ba buzu, ba buta.

Ya tare wani lebura mai buhu a ka. "Don Allah, dala mai yankakken kai, ina take?"

"Ta safe ko ta yanzu? Ta safe mun sa mata kai tun kafin azahar. Malam, buhu ne fa, ba dutse ba."

"Na aje tsohuwa a gindinta. Ba ta gani."

"Ka ajiye makauniya a rana ka tafi ina?"

Gajere ya juya ya bar shi. Ya shiga zagaya dalolin ɗaya bayan ɗaya, ya rikice har bai san wadda ya zagaya da wadda bai zagaya ba. Ya buɗe baki zai yi kira, ya rasa abin kira. Adda? Rabin matan Fulanin da ke tallan nono a wurin Adda ne. Ya kira duk da haka, muryarsa ta fito 'yar ƙarama, ƙarar jirgi ta haɗiye ta. Ya yi ta tambaya, masu awo, masu ɗinkin buhu, masu gadi. Wani mai gadi ya ce masa in an tashi aiki ba a barin kowa a filin, makahon da ba shi da kowa ɗan doka kan kai shi cikin birni, unguwar makafi, a damƙa wa sarkinsu. Wataƙila ma an riga an kai ta.

Sai ya gan ta a ransa, Sabuwa mai shanu a Kagara, wadda ba ta taɓa roƙon ko gishiri a maƙwabta ba, an jera ta a bakin hanya an sa mata ƙoƙo a hannu. Kuma ya san in an tambaye ta wa ya kawo ta, ba za ta faɗa ba. Za ta zauna a cikinsu har ta mutu ba ta kama sunan da zai fitar da ita ba. Mode zai dawo daga bakin daga ya ce ina Inna, shi kuma ya ce ya tsaya gardamar albasa.

Ya tambayi mai gadin hanyar unguwar makafi da ƙarfi, har sau biyu, don jirgin kaya ya fara motsi. Ya juya ya nufi layin dogo zai tsallaka kafin jirgin ya tare hanya. Ya ji wata mace na ƙwala kira, "Malam! Kai malam!" Bai waiga ba, filin cike yake da malamai. Ya sa ƙafa kan ƙarfen dogo.

"Abdulƙadiri!"

Bai gane da shi ake ba. Tun ranar ɗaurin aurensa, da liman ya faɗa, ba wanda ya sake kiransa haka.

"Abdulƙadiri! Ɗana!"

Muryar ce ya gane, wadda ya saba ji ta bayan danga tana kiran kaji, tana kiran Mode. Ya juya. Can bayan wata dala, a bakin rumfar mai abinci, ga Adda tsaye, ba sanda, mayafi ya zame, ta juya fuska wajen da ta ji muryarsa, bakinta a buɗe za ta sake kira. Leburori sun bar cin abinci suna kallonta.

Kafin ya iso ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Ya durƙusa a gabanta, ya ga bayan hannuwanta da ƙafafunta sun yi jawur. Mai rumfar, wata ƙaƙƙarfar Bakanuwa mai suna Kyauta, ta tsaya kansa da ludayi a hannu.

"Kai ne? Kai ne Abdulƙadirin? Sannu da zuwa, ango! Tun rana na tsaka na gan ta zaune kamar an dasa ta, gumi har ƙasa. Na ce Iya taso, ta ce an ce kada a tashi. Sai da muka ɗauke ta cak, ni da 'yan aikin nan. Wani ma ya jefa mata ƙosai a cinya, ya zaci bara take. Na ce wa ya kawo ki? Wani. Ɗanki ne? Shiru. Na ce na gane, ɗan fari ne, to raɗa min a kunne, ba wanda zai ji. Ta ƙi. Ɗan doka ya zo ya ce da la'asar zai tafi da ita, ta ƙi. Sai yanzu ta zabura ta ce ga muryarsa can, yana tafiya. Na kira, ka yi kunnen ƙashi. Ka ga abin da ka sa dattijuwa ta yi a gaban ƙarti?"

Gajere ya sunkuyar da kai. "Na ɓace hanya," ya ce. Gaskiya ce, amma rabinta.

Daga ƙarƙashin mayafi Sabuwa ta yi magana, muryarta ta koma yadda take kullum. "Ɗiyata, ki ce mai ya ɗauko sanda." Ta ja numfashi ta hanci. "Albasar garin ga ba ta da yaji kamar tamu."

Kyauta ba ta gane ba, ta ce ai kuwa Iya ba ki ɗanɗana miyata ba. Gajere ya gane. Ya ji nauyin abin da ke aljihunsa kamar dutsen niƙa. A hanyar Fagge ya zaro albasar ya saki a kwata, a hankali, amma ya san ta ji faɗuwarta.

An yi aiki a asibiti, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan likita ya ce ya riga ya mutu tun a gida. Ranar da aka kwance ƙyallen idon, Sabuwa ta dubi bango, ta dubi taga, ta dubi tafin hannunta, ta yi hamdala. Gajere yana tsaye a bakin ƙofa. Idon ya zo kansa, ya tsaya kan tsinkakken takalminsa da ya ɗaure da igiya, ya hau har gemunsa, ya ɗan daɗe, sannan ya koma taga.

A Rimawa gida ya cika da 'yan barka. Kawu Yari ya tambaye ta yadda birni yake, da yadda ɗan rakiya ya yi.

"Birni na da yawan mutane," ta ce. "Mai albasa ya yi ƙoƙari. An kula da ni."

Aka yi ta sa wa Gajere albarka, yana tsugune yana cewa amin, yana jin kowace albarka kamar ana ɗora masa buhu. Da Mode ya dawo, shi ma abin da ya ji ke nan. Sabuwa ta rayu shekaru tana ganin shanunta da ido ɗaya, ba ta sake kama sunan ba, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ƙwaryar fura ta ci gaba da zuwa bakin garka.

Da rani ya zagayo, wani makaho a Kagara ya rasa mai kai shi, Gajere ya ce shi zai je. Daga nan abin ya zame masa aiki. Ya san motar da ba ta tsayawa a hanya, ya san gefen jirgin da rana ba ta duka, ya san lungun da ke fita daga tasha zuwa Fagge ba a haɗu da amalanke ba. Ya yi ta zuwa Kano har gemunsa ya yi fari, amma bai sake shiga Kurmi ba. In makaho ya gaji ya ce, "Aje ni nan ka je ka dawo," sai Gajere ya ce, "Tare muka tahiya," ya ƙara ƙulla bakin rawani.

Wuri ɗaya yake ratsewa, rumfar Kyauta, ya kai mata albasar Rimawa a ƙunshi. Ita kuwa har ta tsufa ba ta taɓa ce masa Gajere ba. Tana hango shi da makaho a ɗaure za ta ɗaga ludayi ta ƙwala, "Abdulƙadiri! Yau wa ka kawo mana?" Kowane zuwa sai ya ɗan tsaya cak, kamar an taɓa masa gyambo, kafin ya ja makahonsa su shiga inuwa.